Inda Hannunta Ya Tsaya

Shekara ashirin da uku na yi a masaƙar Kakuri,
tsaye gaban injin da ke aman yadi tun safe har la'asar,
amma ban san nauyin zare ɗaya ba
sai da Lantana ta tafi ta bar min rabin bargo
cikin tsohuwar samira, ƙwarashi soke a gefensa,
kamar wadda ta ce bari in duba tukunya in dawo.

Wata bakwai ban ɗaga murfin ba.
Sai ranar da aka kawo Barira da tari,
marka ta sauka, kwana huɗu rana ba ta leƙo ba,
na ga ƙafafunta sun fito ta ƙarƙashin zanin uwarta,
'yan yatsu goma, sanyi ƙalau.

Na tafi Kasuwar Barci neman ulu ruwan ɗorawa.
Mai rumfar ya ce wannan launin ya ƙare tun bara,
ya miƙo min wata rigar sanyi ta gwanjo,
ya ce, Baba, warware ta, zarenta na da kyau.
Ban san wa ya sa ta ba, ko a wace ƙasa.
Na zauna a dakali ina warware hannun rigar baƙo,
zaren na fitowa a lanƙwashe, bai manta siffarsa ta da ba.
Na jiƙa shi, na shanya, na naɗe a ƙafar kujera.

Maƙwabciyarmu, Maman Istifanus, ita ta kama min yatsa:
soka nan, ɗauko, ja ta ciki, kada ka shaƙe shi.
Malam, zare ba akuya ba ne, sassauta masa wuya!
Ta yi dariya har da riƙe ciki.
Samarin layinmu ma sun yi tasu daga kan babur.
Na ce su yi.
Mai jin sanyi ba ya tambayar wa ya saƙa.

Da dare, in an ɗauke wuta, da yatsa nake gani:
uku, tsallake, uku, tsallake,
jirgin ƙasa ya yi kuka can wajen gada,
lissafi ya ɓace, in warware layi biyu, in koma baya.
Da can jiniya ke kiranmu aiki.
Yanzu ciyawa ta kai tagogin masaƙa,
ni kuwa inji ɗaya ya rage min,
mai ciwon gaɓɓai duk sanda hadari ya haɗu.

Ranar Laraba na ɗaure bakin zare.
Ba sai an faɗa maka ba, ido zai nuna maka
inda hannunta ya tsaya, nawa ya ɗauka:
nata jere reras kamar ƙwayar masara a totuwa,
nawa a takure, ya karkace ta kusurwa ɗaya,
ruwan ɗorawar ma ba ɗaya ba, nata ya fi haske.
Na so in warware in gyara.
Maman Istifanus ta ce, bar shi haka.

Barira ta ja shi har tsakar gida,
ta goya 'yar tsanarta da shi,
ta shayar da shi kunu tun kafin azahar.
Ta gano wani ido da na tsallake ban sani ba,
ta zura yatsa, ta faɗaɗa, ta leƙo ni ta ciki:
Kaka, na gan ka!

Daren nan na je duba ta.
Ta juya bargon cikin barci,
gefen Lantana na jikin kumatunta,
nawa ya sauka can ƙasa, ya rufe ƙafafun.
Na ɗan tsaya a bakin ƙofa. Tarin ya lafa.
Sauran zaren, dunƙule bai fi lemun tsami ba,
na mayar cikin samira,
na soke ƙwarashin a gefe, yadda na same shi.